Lambar da Ba Ta Kama Ba

A shekarun da Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, an yi wani mutum da ake kira Barnaba mai lamba. Aikinsa shi ne ya bi shiya-shiya da ɗan akwatin gwangwani a hammata, yana tsaga wa yara hannu yana ɗiga musu maganin agana. Ba aiki ne da ke jawo wa mai shi farin jini ba. Da ya ɓullo ta bakin lungu sai ka ji uwaye suna ƙwala wa 'ya'yansu kira kamar an ce kura ta shigo gari, kafin ya kai tsakiyar shiya ba kowa a waje sai kaji da tsofaffi.

Shi kansa bai san garinsu ba. Abin da yake iya tunawa igiya ce a wuya, da doguwar tafiya, da ranar da sojojin Turawa suka tare ayarin da ke tafe da su. Aka kai shi gidan 'yantattun yara a Zungeru, daga can 'yan mishan suka karɓe shi, suka koya masa karatu da wankin miki, aka yi masa baftisma. A nan ya haɗu da Rahila, wadda ita ma ba ta san kowa nata ba, suka yi aure. Lokacin da aka turo shi Sakkwato, Kiristocin garin kaf ba su cika zaure ɗaya ba: akawu biyu, kuku uku, wani tsohon kafinta Banufe, sai shi da matarsa.

Tsakani da Allah, mutanen gari ba su cuce shi ba. Suna amsa gaisuwarsa, har su tambaye shi gajiya. Amma in ya roƙi ruwa, akwai wani tsohon ƙoƙo da ake nemo masa, kuma kafin ya yi nisa sai ya jiyo ana wanke shi. Bai taɓa yin magana a kai ba, amma abin yana cinsa ƙwarai.

Mutum ɗaya ne ya fita daban, wani baduku mai suna Maigandi. Barnaba ya je wurinsa ne a ɗinka wa akwatinsa maratayi na jar fata. Yana buɗe baki Maigandi ya fashe da dariya.

"Kai wanga, ina kas samo Hausakka? Awa miya ba gishiri! Zamna in gyara maka ita tare da akwatin."

Ya zauna ɗin kuwa, kuma tun daga ranar zauren Maigandi ya zama masa wurin shan iska. Maigandi mutum ne mai baki, ba ya ganin abu ya ƙyale. Yakan tsokane shi a kan addini, Barnaba ya rama, su yi ta yi har la'asar, Maigandi ya tashi ya yi sallarsa ya dawo su ɗora daga inda suka tsaya. Yana da 'ya'ya mata biyu da matarsa Tani. Babbar, Dijatu, shekararta bakwai, ga giɓi ga surutu irin na ubanta. Ƙaramar, Zainaba, tana goye. Dijatu ce ke kawo musu ruwa, kuma ba ta san da zancen ƙoƙo biyu ba. In uban ya sha sai ta miƙa wa Barnaba modar ta ce, "Baba mai lamba, ga naka." Wanda ya tashi cikin dangi ba zai gane abin da wannan moda ke yi wa zuciyar Barnaba ba.

Maganin lamba abu ne mai shegen laushin rai. Daga Ikko ake turo shi cikin 'yan siraran kwalabe, jirgin ƙasa ya sauke shi a Zariya, 'yan dako su ƙarasa da shi. Zafi ke kashe shi. A asibiti cikin tulu mai jiƙaƙƙen yashi ake binne shi, in kuma za a fita da shi sai an naɗe akwatin da jiƙaƙƙen tsumma, ana yi ana yayyafa ruwa, ba a barin rana ta gan shi. Wannan shi ne abu na farko da likita Bature ya koya wa Barnaba, kuma shekara huɗu bai taɓa sakaci ba.

Sai wata ranar bazara, irin ranar da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, aka yi suna a gidan ƙanin Maigandi. Barnaba ya fito aiki da sabon magani, ya ce bari ya biya ya yi barka ya wuce. Da ya iso ƙofar gida ya ga malamai a zaune, sai ya tsaya yana duban akwatinsa. Kowa ya san ana cewa abin da ke ciki ruwan mikin saniya ne, ƙazanta ce. Yaya zai shiga da shi inda ake addu'a ana cin abinci? Kunya ta kama shi. Ya waiga ya ga wata kurna ta yi wa katangar gidan inuwa, ya miƙa hannu ya ɗora akwatin a kan katangar inda awaki ba za su kai ba. Ai yanzu zai fito.

Bai fito yanzu ba. Maigandi ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a gaban akushi, cikin 'yan'uwansa.

"Sa hannu. Kai ba baƙo ba na."

Wani dattijo ya ɗan motsa kamar zai yi magana, Maigandi ya dube shi, dattijon ya haɗiye abinsa. Barnaba ya sa hannu. Tun da aka haife shi bai taɓa cin tuwo akushi ɗaya da mutanen da suka san kakanninsu ba. Aka ci, aka sha hura, aka kawo naman suna, aka ɓarke da hira. A nan ne Maigandi, da daɗi ya ɗebe shi, ya ɗaga murya ya ce gobe zai ba da 'ya'yansa biyu a yi musu lambar Turawa, kuma duk wanda ya ɗauke shi mutum a shiyar nan ya kawo nasa.

Akwai Mode wanzami a wurin. Shi ne mai yi wa yaran shiyar lamba irin ta dā kafin Turawa su hana: ya ɗebo ruwan ƙurji daga jikin wanda agana ta yi wa sauƙi, ya tsaga hannun mai lafiya ya shafa. Yawanci a yi 'yar jinya a tashi, wani lokaci kuma a rasa yaro. Mode ya ce shi dai bai yarda da abin da aka zubo a kwalba ba. Barnaba, da ya ga yau yana da jama'a a bayansa, ya mayar masa da magana har da ba'a, ya ce zamanin aska mai tsatsa ya wuce. Aka yi dariya.

Sai bayan azahar Barnaba ya tuna da akwatin. Ya fito da sauri, ya tarar inuwar kurna ta daɗe da komawa ɗaya gefen katanga. Tsumman ya bushe ƙayau. Ya taɓa gwangwanin, ya janye hannu kamar ya taɓa kasko.

Abin da ya kamata ya yi a fili yake: ya je ya gaya wa likita, a zubar, a jira wani. Amma likitan mutum ne mai faɗa, wani maganin kuma sai an yi wata guda. Ga Maigandi ya yi magana a gaban jama'a, ga Mode da aka yi wa dariya. Barnaba ya jiƙa tsumman ya sake naɗewa, yana ce wa kansa wataƙila bai mutu duka ba. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa wataƙila.

Washegari ya yi wa yara ashirin da uku lamba a zauren Maigandi. Dijatu ce ta fara miƙa hannu, ta runtse ido ɗaya tana leƙensa da ɗayan.

Lamba in ta kama, kwana takwas sai wurin ya taso ya yi ƙurji, yaro ya yi zazzaɓi, ya hana uwarsa sakat. Ran na takwas Barnaba ya dawo duba hannaye. Ya duba na farko, tsagar ta warke sumul. Na biyu haka. Har ashirin da uku, babu ko ɗaya da ya taso. Uwaye kuwa murna suke, suna leƙowa daga bayan zana suna sa masa albarka, wai hannunsa da sanyi, ko zazzaɓi babu. Maigandi ya dafa kafaɗarsa.

"To, mai lamba, mi kag gani? Ta kama?"

Barnaba ya ji bakinsa ya ce, "Ta kama."

Mode yana can gefe yana wasa askarsa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Lambad da ba ta kumbura ba, lamba ta?" Aka ce masa baƙin ciki ne ke damunsa, an ƙwace masa sana'a.

Bayan mako biyar sabon magani ya iso. Barnaba ya binne shi a tulu, ya ce gobe zai je ya sake wa yaran nan. To amma ya ce musu me? In ta kama, mene ne na sakewa? Kowace safiya ya tashi da niyya, kowane maraice ya koma gida da ita. Yana addu'a kuwa, ba ya fashi. Yakan durƙusa ya ce, "Ya Ubangiji, ka gafarta mini," ya tashi yana jin kamar an ɗan rage masa kaya. Ya mai da Allah abokin ɓoye sirri, yana ganin tunda ya gaya wa na sama, na ƙasa ba sai sun ji ba.

Ana cikin haka aka yaye Zainaba, aka kai ta wurin kakarta a Dundaye kamar yadda aka saba. Ba a yi kwana goma ba agana ta shigo shiyar, ta fara da yayar Maigandi, Mariyatu, wadda ke zaune a gidansa tun rasuwar mijinta. A al'ada ba mai shiga ɗakin mai agana sai wanda ya taɓa yin ta ko wanda ke da lamba. Tani ta yi tata tun tana yarinya, ga zanzana nan a fuskarta, don haka ita ke jinya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga daka ga girki. Sai ta riƙa aiken Dijatu da kunu da ruwa zuwa ɗakin gwaggonta, hankalinta kwance. Ai yarinyar tana da lamba.

Barnaba bai ji wannan ba sai da Dijatu ta kwanta. Ya je ya duba ta. Ƙuraje sun rufe fuskar nan har ba a gane ta, idanun sun kumbura sun liƙe. Da ta ji muryarsa sai ta motsa leɓe.

"Baba mai lamba, ka zaka?"

Ya ce ya zo. Ya wanke mata baki, ya ɗiga mata ruwa, ya yi duk abin da ya iya, alhali ya san ba abin da ya rage a iya. Ran Talata da hantsi ta cika.

Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Amma bayan an dawo daga maƙabarta, Maigandi ne ya zo ya same shi a raɓe a bakin zaure, ya riƙe hannunsa. Mutumin nan mai baki duk ya zabge, muryarsa ta dushe.

"Bari kuka, aboki. Kai ka yi naka. Lamba ba ta tare ajali. Allah yab ba mu ita, shi yak karɓi abu nai."

Kowa ya ce haka ne. Haƙurin mutanen nan da tawakkalinsu suka zama wa Barnaba bargo, ya shige ciki ya ɓuya. Yana kuka da gaske, amma in za a faɗi gaskiya rabin kukan na tsoro ne. Duk wanda ya dube shi sai gabansa ya faɗi. In ya hango Mode sai ya sauya hanya.

Ran sadakar uku ya ji abin da ya tsayar masa da numfashi. Tani ta ce ba ta iya zama a ɗaki ba motsin yaro, a ɗauko mata Zainaba. Aka tsai da magana ran Litinin, da an gama sadakar bakwai, Maigandi zai je Dundaye ya taho da ita. Ga Mariyatu har yanzu a kwance ƙuraje na ɓarewa, ga tabarmi da tsummokaran jinya a gidan. Wani ya ce anya ba a jinkirta ba? Maigandi ya juyo wurin Barnaba.

"Ba ta da lamba? Na Dijatu ajali na. Ko ba haka ba, mai lamba?"

Barnaba ya sunkuyar da kai. Aka ɗauki shirunsa a matsayin i.

Ranar Lahadi ta kama kwana shida da rasuwar. A makon ne wani tsohon fasto ya iso daga Lakwaja, wanda sau ɗaya a shekara yake zagayowa ya ba 'yan tsirarun Kiristocin arewa Jibin Ubangiji. Suka taru a zauren kafinta, su tara, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan bencin aiki, aka ajiye gurasa da ƙoƙo. Tsohon bai san komai a kan Dijatu ba. Hausarsa ma a karye take. Kafin ya gutsura gurasar ya faɗi abin da yake faɗa kowace shekara.

"'Ya'yana, wanda ya san alhakin wani yana wuyansa, kada ya ci tukuna. Ya tashi ya je wurin mai haƙƙi. Teburin nan ba ya gudu."

Sau huɗu Barnaba yana jin wannan magana a bakin tsohon, ba ta taɓa tsaya masa ba. Yau da farantin gurasa ya iso gabansa sai hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Bai ji murya daga sama ba, rufin zaure bai tsage ba. Amma a cikin ransa ya ji an kira shi da sunansa, an ce, tashi ka je wurin Maigandi. Ya fara kawo hujja. Ya ce ai ya roƙi gafara ba sau ɗaya ba. Aka ce tashi ka je. Ya ce Maigandi bai riƙe shi da komai ba, faɗar ma sabon miki za ta buɗe masa. Aka ce tashi ka je. Ya ce zai iya zuwa Dundaye a ɓoye ya sake wa yarinyar lamba ba wanda ya sani. To sauran ashirin da ɗayan fa, da iyayensu ke aikensu ɗakunan masu agana? Nan hujjarsa ta ƙare. Ya gane cewa Almasihun da ya mutu dominsa a bainar jama'a ba zai taya shi ɓoyo ba.

Ya miƙa farantin gaba, ya tashi ya fita. Rahila ta biyo shi har gida tana tambayar ko jikinsa ne. A tsakar gida, a tsaye, ya gaya mata komai, tun daga katanga har zuwa shirun da ya yi ran sadakar uku. Ta zauna a kan turmi ta rufe baki da gefen zane. Ita ma tana son Dijatu, ita ke yi mata kitso in an kawo ta.

"Maigida, za su iya kashe ka," in ji ta. "Ba mu da kowa a garin nan."

"Na sani."

Hawaye suka zubo mata. Can ta ce, "Yaushe za a ɗauko ƙaramar?"

"Gobe."

"To me kake yi a tsaye a nan?"

Ya isa zauren Maigandi bayan la'asar. Masu zaman makoki sun kai ashirin, har da liman da Mode wanzami. Aka matsa masa wuri kusa da maigida kamar kullum. Bai zauna a nan ba. Ya durƙusa a tsakiyar zaure, a kan ƙasa, ya ce yana da magana. Bai rage komai ba. Ya ce maganin da ya yi wa yara ashirin da uku matacce ne, rana ta kashe shi, kuma shi ya bar shi a rana. Ya ce babu yaro ɗaya a shiyar nan da ke da lamba. Ya ce kada a dawo da Zainaba.

Maigandi ya daɗe yana dubansa kamar wanda ake yi wa wani yare.

"Wace rana kab bar shi ga rana?"

"Ranar suna."

"Randa kac ci tuwo da mu."

"Ita."

"Randa kad duba hannunta, nit tambaye ka, kac ce ta kama. Ka san ba ta kama ba?"

Nan ne wurin da ƙarya ɗaya tak za ta iya rage masa rabin laifi. Ya ce, "Na sani."

Daga cikin gida aka ji wata ƙara, don Tani tana bayan zana tana ji. Ba kukan mutuwa ba ne irin na kwana shidan nan, wani ne daban, na uwar da ta tuna da hannunta ta miƙa wa 'yarta ƙwaryar kunu ta ce je ki. Ƙanin Maigandi ya zabura ya ɗauko muciya a bakin ƙofa, mutum biyu suka riƙe shi. Wasu suka tashi da gudu zuwa gidajensu, don sun tuna inda suka aiki nasu 'ya'yan. Barnaba bai motsa ba. Maigandi ya nuna masa ƙofa da hannu.

Da safe Barnaba ya je ya faɗa wa likita. Bature ya yi faɗa har wuyansa ya yi ja, ya ce ya je ya sake wa yaran duka, in ya gama ya ajiye akwatin ya koma sharar ɗakin miki. Barnaba ya tono sabon magani ya nufi shiyar, ba don yana zaton za a buɗe masa ƙofa ba. Ba a buɗe ɗin ba. Ya zauna a gindin wata katanga tun safe har rana ta take, mata na wucewa suna tofar da yawu. Sai ga Mode wanzami ya taho janye da jikarsa. Ya tsaya a kansa.

"Wanga da rai shi kuwa?"

"Da rai. Taɓa ka ji sanyinsa."

Mode ya taɓa. Ya ɗaga murya yadda na cikin gidaje za su ji. "Shekara arba'in ina tsaga ɗiyan mutane. Huɗu sun mutu ga hannuna, ban taɓa zuwa nig gurhwana gaban uban ko ɗaya ba. Yi mata." Ya naɗe hannun rigar yarinyar da kansa. Kafin magariba an kawo goma sha shida. Sauran biyar ɗin, uku an kawo su washegari, biyu kuwa agana ta riga ta kama su, ɗaya ya tashi, ɗaya bai tashi ba. Wannan ma Barnaba ya ɗauka ya ɗora a kan na Dijatu.

Ran Laraba da sassafe aka yi sallama a ƙofar gidansa. Maigandi ne, da sanda a hannu. Bai gaishe shi ba.

"Ɗauko akwatinka."

Suka kama hanyar Dundaye, Maigandi a gaba, Barnaba a baya. Suka sauka fadama, suka ƙetare gulbi da ƙafa don ruwan ya janye, suka hau tudu. Mutumin da bai iya yin shirun minti ɗaya ba, ga shi ya yi tafiyar rabin yini bai ce uffan ba. Sau uku Barnaba ya tsaya ya jiƙa tsumma, sau uku Maigandi ya tsaya ya jira shi yana kallon wani wuri. A gidan kakar aka fito da Zainaba. Ta ga ubanta ta miƙa hannu tana dariya, tana neman yayarta a bayansa. Maigandi ya zaunar da ita a cinyarsa, ya riƙe ɗan hannun gam, ya kau da fuska. Barnaba ya tsaga ya ɗiga. Ya ce a bar ta a nan har sai wurin ya taso ya bushe, kuma a ƙona tabarmin jinya kafin ta koma.

Sai da suka dawo suka hango ganuwar birni sa'an nan Maigandi ya tsaya. Bai juyo ba.

"Mi yas sa kah hwaɗi? Da ka yi kurum, har mu mutu ba mu sani."

"Ubangijina ne ya ce in zo. Na ƙi, na ƙi, har na rasa inda zan ɓuya."

Maigandi ya jinjina kai. Ya daɗe yana tona ƙasa da bakin sandarsa.

"Ka kashe mani ɗiya guda, ka bar mani guda. Ban san yadda a ka auna wanga ba, Allah shi ka aunawa. Na yahe maka, don ni ma ina biɗar a yahe mani ran gobe. Amma kak ka koma taka zaurena. Uwatta ba ta iya jin muryakka. Ni ma ba ni iyawa."

"Na ji. Na gode."

Maigandi ya shiga ta ƙofar da ke kai wa shiyarsu. Barnaba ya tsaya har ya ɓace, sa'an nan ya zagaya ta wata.

Rahila tana tankaɗe ya shigo. Ta dube shi ta ajiye rariya.

"Ya yafe?"

"Ya yafe."

Ya rataye akwatin, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki. Ya lalubi tsoron nan da ya yi wata biyu yana kwana da shi yana tashi da shi, ya ji babu. Abin da ya rage a wurin yarinyar ce kawai, 'yar shekara bakwai da ba za ta yi takwas ba. Sai a lokacin ya yi kukan Dijatu, ita kaɗai, ba nasa a ciki. Rahila ta matso ta zauna kusa da shi, ba ta ce ya yi haƙuri ba.